Yaya, Ruwa!

Zango biyar ne a wasan, kuma ni jerina na fifiko bai taɓa canzawa ba. Zangon ciyawa ne a ƙasa, ko da yake shi ne nawa. Ba komai a cikinsa sai tsallake ramuka da wasu halittu masu tafiyar agwagwa, shi ya sa aka bar wa autan gida. Sama da shi na ƙarƙashin ƙasa, sai gadar sama, sai gidan wuta. Na ɗaya kuwa zangon ruwa ne, wanda duk yaran layinmu a Salaga suka tsana. Mai son gardama ya zo, ina nan.

Akwatin wasan na Kawu ne, ƙanen Mma mahaifiyarmu, direban lorin doya da ke zirga-zirga tsakanin Salaga da Yendi da Bawku. Lokacin lantarki bai iso layinmu ba, sai ya jona akwatin da 'yar talabijin mara kala a jikin tsohon batirin lori, ya ajiye mana a zaure. Ɗan mutum ne kake korawa da abin dannawa a hannunka daga hagu zuwa dama, yana gudu yana tsalle. Wasan ba ya tuna inda ka tsaya. In rayuka sun ƙare ko batir ya mutu, sai ka koma farko. Don haka muka raba hanyar, kowa da wurinsa, muna ce musu zango kamar yadda muka ji tsofaffin gidanmu na faɗa in suna labarin fataucin goro.

Wana da nake bi shi ne gwani. Na ƙarƙashin ƙasa da gadar sama da gidan wuta duk nasa ne. Kai, a gadar sama sai ka rantse ɗan mutumin ba ya taka ƙasa! Ko batir na wurin caji, za ka gan shi zaune yana danna bayan silifas da manyan yatsu yana gwaji. Burinsa ɗaya a duniya, ya ga abin da ke bayan ƙofar ƙarshe ta gidan wuta. Bai taɓa kaiwa gare ta ba.

Ruwa ne ke cinye masa rayuka, don shi ne zangon da ke kafin gidan wuta, kuma a cikinsa gaggawa ba ta aiki. Wata rana yayarmu mace, babbar gidan, tana wucewa da tire a kai, ta tsaya ta kalli yadda kifi ke kashe shi, ta yi tsaki ta ce, "Ba ni nan." Muka fashe da dariya. Ita da daga ɗiban ruwa a rijiya sai sayar da koko sai wanke tukwane? Ta goge hannu a zane ta karɓi abin dannawar. Ba ta kai wa ko kifi ɗaya hari ba. Sai ta bar ɗan mutumin ya nutse a hankali, ta danna sau ɗaya, ta jira kifi ya wuce, ta sake dannawa. Ta fita ba ta rasa rai ba, ta ɗauki tirenta ta tafi. Daga ranar, da mun iso bakin ruwa sai mu kwala kira, "Yaya, ruwa!" Ta zo da hannu a jiƙe, ta ƙetarar da mu, ta koma bakin aiki. Aibinta ɗaya, tana daɗewa sosai.

Sai Kawu ya ce zai mai da akwatin Bawku wurin 'ya'yansa. Ya zo da babban ɗansa ɗauka, lori zai tashi bayan la'asar, batir kuma ba a cika shi ba. Ɗan Kawu, mai baki kamar rediyo, ya ce a Bawku ko 'yan yaye sun san akwai ƙofa a ɓoye a jikin bango a ƙarshen gadar sama, wadda ke jefa ka gidan wuta kai tsaye. Ba ruwa, ba jira. Wana ya miƙe tsaye don murna.

Na wuce ciyawa da gudu, na miƙa masa. Yana tsakiyar gadar sama hoton ya fara tsukewa, baƙi na cin gefe-gefensa. Duk mun san alamar, batir ya kusa.

Yaya kuwa ranar tun da hantsi ta gama komai. Ta cika randuna, ta wanke tukwane, ta zo ta zauna kan turmi a bakin zaure tana tsintar shinkafar da na san ta riga ta tsince. Hannunta a bushe, har da man kaɗe. Ta ji maganar ƙofar, ba ta ɗago ba ta ce, "Ku bi ta can mana, ni aiki gare ni."

Wana ya kai ɗan mutumin jikin bangon ya tsayar da shi. Ɗan Kawu na ihu, "Shiga, shiga, a nan yake!" Ni ma ina ihu. Wana ya waiwaya bakin zaure sau ɗaya, ya juyo, ya bi da ɗan mutumin ta gefen bangon ya wuce, har bakin ruwa. Ya ɗaga murya kamar tana can ƙarshen gida.

"Yaya, ruwa!"

Wallahi na ji kamar in cije shi. Ta ajiye faifai ta zo ta zauna a tsakiyarmu. Hoton ya koma kamar tafin hannu, amma ba ta yi sauri ba. Ta nutse, ta jira, ta ratsa tsakanin kifaye biyu masu ƙaya ta wani ɗan tsukin da ban taɓa lura da shi ba. Har ɗan Kawu ya matso kusa da talabijin yana kallo. Ban taɓa ganin wasa mai kyau irin wannan ba, kuma ban sake gani ba. Ta fita da rayukanmu cif, ta miƙa wa wana tana murmushi.

Ya shiga gidan wuta, ya wuce duk inda ya taɓa kaiwa. Mun hango ƙofar ƙarshe, ga ta nan. Sai hoton ya zama zare, ya zama ɗigo, ya ɗauke. Ɗan Kawu ya yi ta masifa yana naɗe wayoyi, ni na fita bayan gida na yi kukana. Da na dawo, wana ya miƙe yatsu ya ce, "Kun ga yadda ta wuce masu ƙayan nan kuwa?"

Mun girma, Yaya na aure a Yendi, wana yana sayar da hatsi a Bawku, kafin na tambaye shi dalili. Muna cin tuwo a shagonsa na ce, "Tsakani da Allah, me ya hana ka shiga ƙofar bangon nan?" Ya daɗe yana juya lomar a cikin miya.

"Kai yaro ne lokacin," in ji shi. "A gidan nan kowa kiranta yake don ta yi aiki. Wannan kaɗai ne kiran da take zuwa ta zauna."