Hon Biyu a Gindin Ɗorawa

Jama'a, wannan abu da ni ya faru, wallahi ba ji na yi ba. A farkon shekarun casa'in ne, ina kofur a wani barikin soja a Kano, kuma duk sanda na samu fas sai in tafi garinmu Yako in duba iyalina.

Akwai abokina Buba, Bafulatanin wajen Doguwa, ɗakinmu ɗaya. Shi ne mai jan babur ɗin da kowa ke sha'awa a barikin, kullum yana gogarsa kamar zai lashe, ni kuwa ko keke ba ni da shi. Sau ɗaya na raka shi rugarsu. Da muka kai wata ɗorawa a bakin rugar sai ya tsaya ya danna hon sau biyu, mahaifiyarsa tana ji ta ajiye ƙwarya ta shige bukka. Ɗan fari ne, ba ta kallonsa, ba ta faɗar sunansa, sai dai ta ce "mai babur". Hon ɗin nan don ita yake yi, don ta samu ta kauce.

Da aka ɗebe su zuwa yaƙi a ƙasar waje, ya miƙo mini makulli ya ce, "In na dawo ka ba ni abina. In ban dawo ba ka kai wa Inna, da bakinka ka gaya mata."

Bai dawo ba. Saƙon rasuwarsa ya iso bariki, muka yi masa salatul ga'ib, na yi kuka sosai. Amma ba zan ɓoye muku ba, babur ɗin ya riga ya shiga raina. In na shiga Yako a kansa da kakina har manya ke ɗago mini hannu. Sai na riƙa ce wa kaina ai hukuma za ta sanar da danginsa, kuma uwar da ko kallonsa ba ta yi me za ta yi da babur? Na san kunya ce, mu ma muna yinta, son zuciya ne kawai. Wata biyar ina hawa.

To duk Juma'a da la'asar, babur na jingine, makulli na aljihuna, sai ya yi hon sau biyu. Na farko na ce ruwa ne ya taɓa waya. Na kai wa bakanike a Ƙafin Maiyaki, ya duba bai ga komai ba, na ce ya yanke wayar hon ɗin gaba ɗaya, ya yanke a gabana. Juma'ar da ta biyo ina alwala a ƙofar gida ya sake yi. Butar ma faɗuwa ta yi daga hannuna.

Wata Juma'ar na ɗauki fas na kama hanyar Tudun Wada, na wuce har Doguwa. Ashe sun tashi sun matsa gindin dutse, shi ya sa saƙon hukuma bai same su ba, da tambaya na gano su, nan ma akwai ɗorawa a bakin rugar. A gindinta na kashe babur na ƙarasa da ƙafa. Na samu Inna tana gyaran ƙore, na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana leƙen bayana. Kafin in buɗe baki ta sunkuyar da kai ta ce, "Ɗan nan, laifin me na yi wa mai babur? Duk Juma'a yana zuwa ya yi hon, in shige ɗaki in jira, ba ya ƙarasowa. Yau wata biyar."

Wata biyar baiwar Allah nan tana dama fura tana zaune a bukka, tana zaton fushi ɗanta yake yi da ita, ni kuwa ina yawo a kan baburinsa. Na gaya mata. Ba ta yi kuka ba, ta dai kalli ɗorawar, can sai ta miƙe ta kira shi, a hankali, karo na farko a rayuwarta: "Buba."

Na rantse da Allahn da zai karɓi raina, babur ɗin ya yi hon. Sau biyu. Waya a yanke, makulli a hannuna, babu kowa a wurin sai shanu. Wannan karon ba ta shige ɗaki ba, ta tsaya tana kallo.

Na ajiye makullin a kan faifai, na taka da ƙafa har bakin titi, ban waiwaya ba. Na tambayi malamai, kowa da abin da ya ce, ni dai ban san me na ji ba. Tun ranar ban sake mallakar babur ba, kuma har yau in na ji hon biyu da la'asar sai gabana ya faɗi.

Don Allah, wanda aka ba shi saƙon mamaci ya kai tun da wuri. Ba ka san wa ke zaune a ɗaki yana jira ba.