Bankwanan Gwaggo

Ranar wata Asabar ce a cikin hunturu, da hantsi, a tashar jirgin ƙasa ta Sulaimaniyya. Mu uku ne: ni, da Gwaggo yayar mahaifina, da aminiyarta, wata Bahaushiyar Sudan da suke katanga ɗaya a unguwar Nuzla, wadda ta yi mana rakiya. Madina za mu.

Na san tashar tun tana fili. Ina bi ta wurin zuwa aiki lokacin da aka kafa ginshiƙanta, kowanne ya buɗe sama kamar laima, har aka haɗa su suka zama rufi ɗaya. Da ta fara aiki sai ta zama mahaɗa. Wani jirgi ya nufi Makka, wani Madina, wani ya biya filin jirgin sama, a waje kuma bas da tasi suna kwashe waɗanda suka sauka zuwa cikin gari. Akwai masallaci, da wuraren shan gahawa, da kujera mai taya ga wanda ƙafa ta gaza.

Gwaggo ba ta taɓa shiga ba. Madinar da ta sani ta mota ce: a zauna sai mota ta cika, a tsaya a hanya a ci a yi salla, a isa a gajiye, a yi mako kafin a fara zancen komawa. Na gaya mata tun da wuri cewa a ranar za mu je, a ranar za mu dawo, domin ina da aiki Lahadi. Ta yi dariya ta ce yaran yanzu ba su iya komai ba sai cika baki. Sannan ta bi Nuzla gida gida tana bankwana, tana neman gafara kamar yadda matafiyi yake yi. Mata suka haɗa mata guzuri: dambun nama, dafaffen ƙwai, burodin tamis, shayi a fulas biyu. Har akwai wadda ta yi kuka. Macen da aka yi wa irin wannan sallama ba ta komawa lungunsu da magariba a ranar, sai dai in tana so a yi shekara ana ba da labarinta.

A bakin matakala mai tafiya da kanta suka ja birki.

"Hajiya, tattare abayarki kada ta haɗiye ki," in ji aminiyar.

"Ke ki fara. Ba ke ce kullum kike mana gorin kin ƙetaro teku ba?"

"Teku ba shi da haƙora."

Na nuna musu lif. Suka ƙi. Suka riƙe hannun juna suka taka tare, matakala ta ɗauke su, Gwaggo tana salati, aminiyar tana dariya har niƙabinta yana rawa. Da suka kai ƙarshe Gwaggo ta waiwayo, idonta yana ƙyalli, ta ce, "Ya waladi, ɗana, akwai sauran lokaci?" Akwai. Suka sake hawa, ni ina biye da fulas a kowane hannu, kuma ban ɓoye ba, ni ma dariyar nake.

A ƙofar shiga, inda ake nuna tikiti a waya, rakiya ta ƙare. Nan dariyar ta koma hawaye. Aminiyar ta rungume ta ta ce ta gaida mata Manzon Allah, kuma kada ta gaggauta, za ta kula mata da gida. Masu harami suna wuce mu zuwa gefen jirgin Makka, suna ta talbiyya.

Jirgin ya tashi ba tare da jijjiga ba. Abin da ya fara damun Gwaggo shi ne kujeru biyu da babu kowa a gabanmu. Ta ce wane irin direba ne wannan, da zai tashi bai cika ba. Daga nan gidaje suka ƙare, duwatsu suka fara gudu a taga, sai ta manne goshinta da gilas tana ƙirga raƙuma, ba ta kai ga na uku ba sun ɓace. Ta zuba shayi ta ajiye a kan ɗan teburin, ta zuba masa ido. Bai zube ba. Ta bugi cinyata. Ta ba matar da ke gefenmu ƙwai, ta ba mijinta, ta aika wa na baya. Tana cikin kwance ƙullin dambun ne aka sanar cewa mun kusa.

"Kusa da ina?"

"Madina, Gwaggo."

Ta dubi agogon hannuna, ta dubi guzurin da ko rabi ba a taɓa ba. 

"Ashe da gaske kake."

Mun yi azahar da la'asar a masallacin Annabi. Ta yi ziyara, ta isar da gaisuwar kowa, ɗaya bayan ɗaya, ta sayi dabino mai yawa. A hanyar komawa tasha ta ce in bar ta a nan ko da kwana uku ne. Na ce ba mu da kowa a garin, ga ciwon gwiwarta. Ba ta yi gardama ba. Sai da jirgin dawowa ya ɗau hanya ta matso ta rage murya, kamar matan Nuzla suna kujerar baya.

"Ɗakin baƙinku na nan?"

"Yana nan."

"Halas, shi ke nan. Gidanku na Bani Malik za ka kai ni. Kuma ka ja wa 'ya'yanka kunne."

Muka sauka a Sulaimaniyya ana kiran magariba. Ta ja mayafi ta rufe fuska, tana leƙen kowane lungu na tashar kada a samu wanda ya san ta, tana ƙyalƙyalewa a ciki. Duk da haka ba ta yarda da lif ba.

Washegari aminiyar ta kira ta a waya. Ina jin su daga falo.

"Yaya Madina?"

"Madina sai godiya. Gari mai albarka."

"Akwai sanyi?"

"Inda nake dai babu."

Gwaggo ba ta ƙarya, don haka kowace amsa sai ta auna ta. Tana kashe wayar ta kifa kai a matashi, kafaɗunta suna girgiza don dariya.

Ta zauna da mu har Alhamis. Da la'asar na kai ta Nuzla, mata suka fito yi mata sannu da hanya, suka ce Madina ta karɓe ta, har ta yi ƙiba. Ta raba dabinon gida gida kafin duhu.