Goshin Rahamatu

Duk Roni babu wanda bai san Inna Mairo mai ƙuli-ƙuli ba. Tun tana amarya take matsar man gyaɗa, har tafin hannunta ya yi kanta. Amma ba mai kaɗai aka san ta da shi ba, an san ta da ido. Ita fa ba ta tambayar mutum damuwarsa, goshi take dubawa. Ɗan acaɓar da ke kai mata kaya kasuwar Gwiwa ya sani, in ya faɗi da jarka a hanya, ƙarya wahalar banza ce, ta riga ta gani tun daga zaure.

A cikin 'ya'yanta, autarta Rahamatu, malamar makaranta da ke aure a Kazaure, ita ce mafi sauƙin karantawa. Layi biyu gare ta a tsakanin gira, da abu ya dame ta sai su fito ɓaro-ɓaro. Da su Inna ta san ta faɗi jarrabawa, da su ta gano cikinta na fari tun mijinta Jalaluddeen bai sani ba. Inna na alfahari da wannan, ba kaɗan ba.

Wata Laraba ta kai mai Kazaure, sai ta biya gidan. Shigowar Rahamatu ke nan daga Kano. Maimakon ta durƙusa, sai ta ɗan rage tsawo, kai a miƙe kamar mai ɗauke da tulu.

"Ke, wuyanki ne ya sandare?"

"A'a Inna, gajiyar mota ce."

Gajiyar mota! Da la'asar ta yi, yarinyar nan ta yi alwala tana lallaɓa fuska, sannan ta yi sallarta a zaune kan kujera, babu sujada. Inna ta miƙa hannu za ta taɓa goshinta ta ji ko zazzaɓi ne, sai ta kauce. A nan ta hango wasu jajayen ɗige-ɗige a goshin kamar cizon sauro. Ta janye hannunta, amma ranta bai kwanta ba. Duk hanyar Roni tana saƙawa tana warwarewa. Jalaluddeen ne ya ɗaga mata hannu? Ko wurin wani boka aka kai ta aka yi mata tsaga?

Bayan kamar mako biyu Rahamatu ta zo Roni suna. Mata sai yaba ta suke yi, wai ta yi fes, wai hutu ya karɓe ta. Babu wadda ta ga wani abu ya sauya. Inna kuwa ta gani sarai, sai ta ɗana mata tarko. Ta ce, ai ta yanke shawarar sayar da gonar marigayi babansu.

"Haba Inna! Gonar Baba?"

Murya ta tashi, ido ya kaɗa, amma goshi sumul, ko gezau. Inna ta kama hannunta ta ja ta ɗakin suya, ta turo ƙofa.

"Me kika yi wa fuskarki? Kada ki ce mini ba komai."

Rahamatu ta sunkuyar da kai. Ta ce allura ce aka yi mata a Kano, tana kwantar da naman goshi ya daina tattarewa. Ranar da aka yi, an hana ta sunkuyawa da kwanciya na 'yan awanni, an hana ta murza wurin, kada maganin ya gangara ido. Shi ya sa ta yi salla a zaune.

"Ai kaɗan aka sa, Inna. Babu wanda ya gane."

"Ni na gane. Har yaushe?"

"Wata uku ko huɗu, sai ya saki."

"Jalaluddeen ne ya ce kin tsufa?"

"Shi bai ma lura ba."

"To don wa kika yi?"

Inna ta tsura wa goshin nan ido tana lalube, babu ko harafi. Haushi ya kama ta, sannan tsoro, domin ta gane ita aka rufe wa ƙofa. Ba ta da sauran dabara sai wadda ba ta taɓa yi ba tun haihuwar yarinyar nan. Ta zauna kan buhun gyaɗa, ta sassauta murya.

"Auta, me yake damun ki?"

Rahamatu ta ɗago ta dube ta.

"An ga ƙari a nonona, Inna. Bayan salla za a yi aiki. Na san kina kallona za ki gani, ga shi kina fama da hawan jini."

Hawaye na zuba, fuska a shimfiɗe kamar ba tata ba. Inna ta ɗaga hannu za ta shafa goshin, sai ta tsaya a sama.

"Yanzu ana taɓawa?"

Rahamatu ta gyaɗa kai.