Mai Rajista da Hatimin da Ba Ta Fasa Ba

Da asubar ranar da kwamitin ladabtarwa zai zauna, na tarar da Mai Rajista zaune a ƙasa a ɗakin ajiya, ta miƙe ƙafafu, akwatin ƙarfe a buɗe a gabanta. Ni direban ƙungiya ne, na zo ɗumama mota. Shekara goma sha tara ina wannan aiki, ban taɓa ganin matar nan a ƙasa ba. Ko kujera sai ta kakkaɓe take zama.

Ƙungiyar tamu ta masu kimanta gidaje da filaye ce. Su ake kira in za a sayar da gida, ko za a raba gado, ko hanya za ta ci gidan mutum a biya shi diyya. Su auna, su duba, su rubuta abin da gidan zai kai, su buga hatimi. In babu hatimin nan, takardar ba ta fi ta naɗe gyaɗa ba. Kowane memba da nasa, na ƙarfe, da lambarsa a jiki, kuma daga hannun Mai Rajista yake fitowa.

Ta shigo aikin tana budurwa, tana buga keken rubutu, lokacin ofishin ɗaki ɗaya ne a saman shagon mai faci. A bakin aikin ta yi aure, ta binne miji, ta aurar da 'ya'ya biyu. Shugabanni tara ta gani. Kowanne ya zo da jawabi, ya sauya labule, ya tafi. Ita ce mai sabunta katin kowa, ita ce mai tuna wa mutane ranar kwas, ita ta san wanda gwiwarsa ba ta hawa bene, ta sauko masa da takardunsa har mota. Farkon kowace shekara sai kowane memba ya buga hatiminsa a katinsa a gabanta, ko da shi ne shugaba. Suna ƙorafi, suna bugawa. Ba ta da yawan magana, shi ya sa muke shiri da ita.

Akwai doka ɗaya da ta fi kowa riƙewa. In memba ya rasu, ita ke zuwa ta'aziyya a madadin ƙungiya, bayan mako guda ta koma ta karɓo hatiminsa. A bayan ofis kusa da famfo akwai wani dutse. Nan take ɗora hatimin ta daka fuskarsa da guduma har lambar ta ɓace, ta zuba gutsattsarin a ambulan, ta rubuta lamba da kwanan wata, ta jefa a akwatin ƙarfe. Na kai ta irin wannan aike ya fi sau arba'in.

Maganar da za a zauna a kai ranar ta Auta ce, 'yar marigayi Baba Mai Igiya. Ana kiransa haka don da igiya ya fara awo tun kafin tef ya yi yawa. Shekara uku da rasuwarsa. Auta ta gaji ofishinsa, tana ƙarshen horonta, saura wata biyu a sa sunanta a rajista a ba ta nata hatimin. Sai ga ƙara daga lauyan wasu mata uku. An raba musu gadon gida da wani rahoto da ya karya darajar gidan har ƙasa, yayansu ya fanshe rabonsu da abin da bai taka kara ya karya ba. Rahoton a kan takardar ofishin Baba Mai Igiya yake, da hatiminsa, da kwanan wata na kafin rasuwarsa. Amma a cikinsa an lissafa tankin ruwa da ba a gina ba sai bayan an binne shi da shekara guda.

Rajista ta ce an fasa hatimin Baba, Mai Rajista ce ta sa hannu. Don haka kwamiti ya ce Auta ce ta sa aka sassaƙa na jabu, tunda ba ta da nata. Hukuncin a fili yake: ba za ta taɓa shiga rajista ba har abada.

Da na yi sallama a bakin ɗakin ajiyar, Mai Rajista ba ta ɗago ba. Ta miƙo mini ambulan mai lamba ɗari da sha huɗu, lambar hatimin Baba, ta ce in girgiza. Na girgiza. Babu komai a ciki.

"Ban fasa shi ba, Direba," in ji ta. "Kana mota ranar. Matarsa ta riƙe hannuna ta ce in bar mata shi, shekara talatin a aljihunsa yake kwana. Na bar mata. Na dawo na rubuta an fasa."

Da za a ce mini shugaba ya sayar da ginin ofis, zan yarda nan take. Wannan kam sai da na dafa ƙofa.

Na ce mata to ai na jabu ma zai iya yiwuwa. Ta jawo katunan Baba na shekara ashirin ta jera a ƙasa, ta ajiye kwafin rahoton a gefe. Hatimin ya taɓa faɗo masa daga saman gini, ya yi ɗan giɓi a gefe. Mai wushirya take ce wa hatimin in Baba ya zo sabunta kati, shi kuma ya ce wushirya ai ado ce. Giɓin na nan a kowane kati. Yana nan a rahoton, daidai wurinsa.

Ta tashi ta gyara mayafi ta ce in kai ta gidan.

Matar Baba na shara a tsakar gida muka iso. Ta yi murna, ta ce ƙanwata yau da sassafe haka, ta shimfiɗa tabarma. Auta ba ta gaya mata komai ba, don tsohuwar hawan jini gare ta. Mai Rajista ba ta zauna ba. Ta ce, "Yaya, hatimin nan da na bar miki, ina yake?"

Tsohuwar ta dube ta da mamaki. Ta ce ai kwana goma bayan zuwanki aka zo aka karɓa, aka ce ke kika aiko, ƙungiya ta ce ba a barin sa a gida. Ta ce har na ji haushinki kwana biyu, daga baya na ce doka ce. Sai ta shiga ɗaki ta fito da wata tsohuwar jakar mijinta. Ta ce marigayi ya hore ta, ko tsani maƙwabci ya ara sai ya rubuta, har mutanen layi suna yi musu dariya. Don haka ta sa wanda ya zo ya rubuta ya sa hannu.

Mai Rajista ta karanta takardar. Ta miƙo mini, ni ma na san sa hannun, don na sha kai takardunsa. Na Ciyaman ne, shugaban kwamitin ladabtarwa, wanda zai yanke wa Auta hukunci da ƙarfe goma. Shekara takwas suka yi ofis ɗaya da Baba kafin ya ware. Shi ya fi kowa kuka ranar jana'iza, ni na riƙe masa hula.

A hanyar dawowa na faɗa mata gaskiya, don ba na iya kwana-kwana. Na ce in ta fito da takardar nan, ta tona asirin kanta. Wata goma sha huɗu ya rage ta yi ritaya da mutuncinta. Na ce ko a nemi wata hanya, a aika wa lauyan matan a ɓoye. Ta ce lauya zai tambayi yadda hatimin da aka fasa ya je hannun tsohuwa, amsar kuma ɗaya ce. Ta sa na tsaya ta sayi ruwa, ta riƙe shi har ofis ba ta sha ba.

Ni na ɗauki akwatin ƙarfen zuwa ɗakin taro, shi ya sa na ga abin da ya faru. Mutum biyar a teburi, Ciyaman a tsakiya. Auta a kujera ita kaɗai, ta haɗa hannuwa a cinya, idonta ya kumbura. Mai Rajista a gefe da littafinta, don ita ke rubuta bayanin zama.

Ciyaman ya yi jawabi na kusan minti ashirin. Amana, mutuncin sana'a, sunan marigayi da aka ɓata. Ya ce Auta 'yarsa ce, a hannunsa ta girma, amma doka ba ta san 'ya ba. Har ya ciro hankici. Na sha jin irin wannan a mota, ban taɓa ganin ya cika tanki ba.

Da ya tambaya ko akwai mai magana kafin a yanke, Mai Rajista ta rufe littafinta ta miƙe. Sakatare ya ce, "Hajiya, ai ke rubutu ne naki." Ta ce yau ya riƙe biron da kansa.

Ta buɗe akwatin, ta yage ambulan ɗin a gabansu, ta kife shi a teburi. Ta jera katunan, ta nuna giɓin. Sannan ta ce, a hankali, kamar mai karanta sanarwa, "Hatimin na gaske ne. Ban fasa shi ba. Ƙarya na rubuta a rajista, da hannuna. Yarinyar nan ba ta sassaƙa komai ba."

Wani dattijo a cikinsu ya cire tabarau ya sake sawa. Ciyaman ne ya fara farfaɗowa. Ya ce to in haka ne ai hatimin yana gidan su Auta, maganar ma ta ƙara fitowa fili.

"Ba ya gidansu, ranka ya daɗe," in ji ta. Ta ajiye takardar tsohuwa a gaban dattijon, ba a gabansa ba. "Ga wanda ya karɓa. Ya ce ni na aike shi."

Takardar ta zagaya teburin hannu zuwa hannu. Ba wanda ya karanta a fili. Da ta iso wurin Ciyaman bai taɓa ta ba. Ya ce makirci ne, ya ce zai yi magana da lauyansa, ya nemi hularsa alhali tana kansa. Auta ba ta yi kuka ba. Ta dube shi kawai ta ce, "Baffa, kai ne?"

Majalisar ƙungiya ta zauna a makon. Aka dakatar da Ciyaman, maganarsa ta tafi kotu tare da ta gidan matan nan uku. Aka wanke Auta. Mai Rajista kuma aka ce ta ajiye aiki ƙarshen wata, ba bikin sallama, ba takardar yabo. Mutum biyu sun roƙar mata. Ita ta hana su. Ta ce wadda ta rubuta ƙarya a rajista sau ɗaya ba ta da hurumin riƙe ta, ko ita ce a majalisar haka za ta yanke. Waɗanda suka shekara suna ce mata uwar ƙungiya suka koma gaishe ta daga nesa. Ba ta fasa zuwa da asuba ba. Kwana goma sha takwas ta yi tana koya wa wadda za ta gaje ta inda komai yake, har da sunayen masu ciwon gwiwa.

Ana saura kwana ɗaya ta tafi, lauyan Ciyaman ya aiko da hatimin a cikin leda, bayan kotu ta gama ɗaukar hotonsa. Washegari ta kira Auta, ta kira sakatare, ta ce in ɗauko guduma. Muka zagaya bayan ofis. Ta ɗora shi a kan dutsen. Hannunta ba ƙarfi kamar da, sai da ta buga sau bakwai kafin lambar ta ɓace. Mariƙin katakon ya tsage biyu, ɓari ɗaya ya faɗa kusa da ƙafar Auta.

Auta ta ɗauka ta juya shi a hannu. Ta ce, "Goggo, wannan katako ne kawai. In kai wa Mama?"

Mai Rajista ta miƙa hannu. Ta ce, "Kawo. Na taɓa yin wannan kuskuren."

Ta zuba komai a sabon ambulan, ta rubuta ɗari da sha huɗu, ta rubuta kwanan watan ranar, ta sa sakatare ya sa hannu a ƙarƙashin nata. Ta jefa a akwatin ta kulle. Makullan ta ajiye su a kan rajista, ta wanke hannu a famfo, ta ɗauki jakarta. Na ce in kai ta gida. Ta ce motar ta ƙungiya ce, ta fita titi ta tsayar da tasi.