Gurbin Nang Luming a Igiyar Taru

A garin Santa Rufina, duk wanda ya kama igiyar taru da sassafe yana da rabo a kifin da aka jawo. Da wannan al'ada tsohuwa Luming, wadda ake kira Nang don girmamawa, ta rayu tun da teku ta cinye mijinta. Ba ta da kwale-kwale, ba ta da ɗa a birnin Manila mai aiko mata da kuɗi. Abin da take da shi hannuwa ne masu kaushi kamar ɓawon kwakwa, da bakin da har limamin coci yake shakka.

Sai Renante, ɗan Noy Pilo mai tarun, ya dawo daga birni da wayo fal ciki. Ya gina ɗakunan baƙi a bakin ruwa, ya shiga kawo su jan taru don nishaɗi. Igiya kuwa tsawonta bai ƙaru ba.

Ran nan Luming ta iso ta tarar da gurbinta a hannun wata baƙuwa mai faffaɗar hula.

"Dong, nan wurina ne," ta ce wa Renante, da kalmar da ake kiran yaro da ita a garin.

"Nang, yau ki huta mana. Tsaya can gindin kwakwa, hoton zai fi kyau da ke a ciki."

"Ka sa uwarka a hoton. Ni kifi nake ci."

Ta dubi Noy Pilo, wanda suka tashi tare tun suna yawo ba riga. Mutumin ya sunkuyar da kai yana gyaran ƙullin da bai kwance ba. A ranar ta raina shi, raini na har abada.

Aka jawo taru, baƙi na zamewa suna dariya. Da aka zo rabo, aka bi al'ada: wanda ya ja, shi ke da kaso. Luming ba ta ja ba.

Baƙuwar ta riƙe nata a leda, nesa da jikinta, ta rasa yadda za ta yi da shi. Da ta hangi tsohuwa tsaye hannu wofi, sai ta miƙa mata da murmushi. Ba da mugunta ta yi ba, abin da ya fi ƙona ran Luming ke nan.

"Karɓi mana, Nang," in ji Renante. "Ga shi kin samu ba ki sha wahala ba."

"Gaya mata kifin nawa ne tun kafin a haife ta. Ba za a ƙwace a ba ni sadaka ba."

Maƙwabciyarta Nang Sabel, wadda ba ta san kunya ba, ta yi caraf ta karɓe ledar.

Da rana ƙamshin suya daga gidan Sabel ya cika unguwa. Luming ta zuba shinkafa, ta barbaɗa gishiri, ta wangale ƙofa, ta zauna a bakinta tana ci don kowa ya gani.