Ina Riƙe da Mabuɗin Zaure Aka Kira Baba Ɓarawo

Assalamu alaikum, Edita. A shekarar da wannan abu ya faru ban daɗe da kammala digiri ba, ina zaune a gidanmu da ke Gyaɗi-Gyaɗi ina jiran aikin da ya ƙi zuwa. A lokacin ni mutum ne mai ɗaukar kansa da nauyi fiye da kima. Ba na aika saƙo sai na karanta shi sau biyu, kuma na ɗauka duk maganar da na jera wa hujjoji ta zama gaskiya ke nan. Abu ɗaya ne yake ɗaga ni daga kan littafi, wato tsohuwar motar da mahaifina ya rasu ya bar mana. Saboda ita na shiga wani zaure na waya, na masu sha'awar tsofaffin motoci, inda ake nuna hotuna, a tambayi inda ake samun kayan gyara, a yi musu a kan wane inji ne ya fi juriya. A ciki akwai ma'aikata, da 'yan kasuwa, da direbobi, da waɗanda ko keke ba su mallaka ba amma sun fi kowa baki.

Mu uku ne muke kula da zauren, wato admin. Babbanmu wani dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin gwamnati, mazaunin Tarauni, muna ce masa Alhaji. Dokarsa ɗaya ce mai tsauri: ba a saka hoton mutum ko na wurin sana'arsa da sunan ƙorafi sai an ji ta bakinsa. Matasa suka laƙaba masa dagacin zaure, wasu su ce hedimasta ya shigo, kowa ya gyara zama. Wata rana na yi dogon rubutu a kan gurɓataccen baƙin mai, na ambaci wani shago har da hotonsa, sai Alhaji ya goge shi. Abin ya ci mini rai ƙwarai. Maimakon in kira shi, sai na zauna na tsara wata maƙala, na ce mu baligai ne masu ilimi da tsoron Allah, ba ma buƙatar makiyayi, kuma idan aka bar ƙarya da gaskiya a fili ɗaya, gaskiya za ta yi rinjaye da kanta. Aka yi ta jinjina mini. Alhaji ya amsa da gajeren saƙon murya, ya ce ya ji Malam mai digiri, amma shi tun kafin a haife ni yake tuƙi a Kano, bai taɓa ganin mahaɗar da aka cire mai ba da hannu motoci suka bi layi don kunyar juna ba. Ya ajiye muƙaminsa, na biyun ya bi shi. Ni kaɗai na rage da mabuɗi, kuma na yi alkawari a gaban kowa cewa ba zan sake goge saƙon kowa ba, ba zan fitar da kowa ba.

Makonni suka wuce cikin hayaniya, tallace-tallace da zage-zage suka cika wurin, ni kuwa ina kiran hakan 'yanci. Sai wata Asabar da hantsi wani ɗan kasuwa da bai daɗe da sayen tsohuwar mota ba ya saka bidiyo. Ya ce ya sayi sabon kafireto, wato abin da yake haɗa mai da iska a inji, ya kai wa wani tsohon bakanike a Darmanawa ya saka masa. Abokinsa ne ya karɓo motar, shi kuma da ya buɗe bonet sai ya ga tsohon kafiretonsa yana nan daram. Ya koma garejin ya ɗauki fuskar dattijon, da allon garejin, da kwanar da ake shiga, yana ta kiransa ɓarawo, bai ko tsaya ya saurare shi ba. Ina ganin fuskar na gane ta. Baba ne, bakaniken mahaifina, wanda tun ina firamare nake zama a bencinsa. Na kuma san yadda yake aiki: ba ya cire abin da zai gyaru. Idan ka kai masa sabon kaya ya ga tsohon wanki kawai yake buƙata, sai ya wanke ya mayar, sabon kuma ya naɗe shi a kwalinsa ya tura ƙarƙashin kafet ɗin but, wato wurin zuba kaya a bayan mota, kusa da tayar ko-ta-kwana, domin ka mayar wa mai shago ko ka ajiye. Sau biyu ya yi wa mahaifina haka a gabana.

Na ɗora yatsana a kan bidiyon, wayar ta nuna mini wurin gogewa, sai na tuna alkawarina na janye. Na tashi na fita ƙofar gida, na dawo, na sake fita. Daga ƙarshe na zauna rubuta bayani mai sakin layi huɗu, ina gyara jimla ina sake ta, kuma kafin in aika tuni saƙonni sun yi tudu. Wani ya ce dama kanikawan da suka tsufa su suka fi iya sata. Wani da bai taɓa taka garejin ba ya rantse shi ma an taɓa yi masa. Da bayanina ya shiga, wani ya ce ga lauyan Baba ya iso, ya tambaye ni ko an raba kafireton da ni ne. Wani ya ce shi ba zai karanta wannan jarida ba, a taƙaita masa. Mai motar ya ce ya leƙa but bai ga komai ba, ni kuwa na riƙe wannan magana na mai da ita uzurin yin shiru. Bayan azahar Alhaji ya kira ni. Bai yi mini gori ba, ya dai ce ɗana, ka goge wannan abu yanzu, bincike ya biyo baya. Na ce masa magana ce ta aƙida, kuma na riga na yi alkawari. Ya ce aƙidata ba ita ce a cikin bidiyon ba, fuskar wani ce, ya yi mini sallama.

Ranar Lahadi na goge bidiyon, bayan na gan shi a zauren unguwarmu da na tsofaffin ɗaliban makarantarmu, har wata gwaggona da ke Unguwar Gano ta turo mini tana gargaɗina da kanikawa. Ranar Litinin mai wankin mota ya ɗaga kafet ɗin but ya ci karo da kwalin, ko buɗe shi ba a yi ba. Ashe Baba ya ba abokin saƙo, shi ne ya manta. Mai motar ya rubuta layi ɗaya a zaure, wai an ga kayan, a yi haƙuri. Ban ga wanda ya tura wannan layi ko'ina ba.

Kwana uku ina saƙa zuwa wurin Baba ina warwarewa. Da na je, gindin bishiyar darbejiyar da a da ba ka samun wurin ajiye mota ya zama fili, masu motoci sun zo sun kwashe abinsu, wasu ma ba a gama gyara ba. Ya tarbe ni da Malam ƙarami kamar yadda ya saba, ya tambayi Innata, ya tambayi ko giyar motar ta daina ƙara. Na faɗa masa komai. Ya ce shi wayarsa ko hoto ba ta nunawa, surukinsa ne ya zo ya nuna masa kansa a bidiyon. Ya ce ba rashin motocin ne ya dame shi ba; a masallaci ne wani mutum da suka shekara ashirin suna sahu ɗaya ya ɗauke takalmansa daga kusa da nasa ya shiga da su ciki. Sannan ya dube ni ya tambaya ko da gaske ne ina da ikon cire abin tun farko. Na ce ƙwarai. Ya ce to me ya hana. Na fara yi masa bayanin alkawarin da na ɗauka, ya saurara har na gama, sai ya tambaye ni wa na yi wa alkawarin, kuma a cikinsu wa ya san shi kamar yadda na san shi. Na ba shi haƙuri. Ya ce ya yafe mini, amma daga yau duk wanda ya kawo sabon kaya zai saka masa, ko da tsohon lafiyarsa ƙalau, kuma mai motar zai tsaya a kansa har ya gama. Haka yake yi har yanzu. Wasu masu motocin sun dawo, wasu ba su dawo ba.

Na je har gida na roƙi Alhaji ya koma kan aikinsa. Ya koma, da sharaɗin a ƙara mutum biyu, ni kuma na sauka da kaina. Har yau idan na ji wayata ta yi ƙara sau uku a jere, sai na ji zama ya gagare ni.

Abin da na koya shi ne, taron mutanen kirki ma yana iya aikata zalunci idan babu wanda aka ɗora wa nauyin cewa a dakata. Mai kula da zaure ba ya hana gaskiya fita, lokaci yake sama mata ta iso. Ina kira ga duk wanda yake riƙe da irin wannan amana, ko zauren motoci ne ko na dangi: idan aka saka fuskar mutumin da ba ya wurin balle ya kare kansa, ka cire tukuna, sannan ka yi tambaya. Saƙon da ka goge bisa kuskure mai shi zai sake turowa gobe. Mutuncin dattijo kuwa, na nemi inda ake danna shi ya dawo, ban samu ba.