Yatsun da Na'ura Ta Ƙi

Godfrey Maitama maƙwabcina ne a Kubwa tun 2004. Mutumin wani ƙauye ne a bayan Bwari, kuma shekara goma sha tara ke nan yana tuƙa motar wata makarantar firamare mai zaman kanta. Ƙarfe shida da kwata yake fita kullum, bai taɓa ko gogar motar wani ba. Ranar Asabar kuwa yana ƙauye, a gonar doyar da ubansa ya bar masa.

A makon farko na hutun Ista aka yanke masa aljihu a kasuwar Bwari, aka tafi da lasin tuƙinsa. Mai makarantar, Madam Kindness, ba ta ɓoye masa ba.

"Oga Godfrey, 'ya'yan mutane kake ɗauka. Ranar da aka koma, in babu lasin, babu makulli."

Saura kwana ashirin da huɗu.

Ni na raka shi, domin takarda tsoro take ba shi. Muka kai rahoto wurin 'yan sanda, muka yi rantsuwa a kotu, na cike masa fom da hannuna. A zamaninmu lasin ɗan littafi ne mai bango. Mai gwaji ya zauna a gefenka, ka tsayar da mota a kan hawa, ka tashe ta ba ta ja da baya ba, ya sa hannu. Mutum ne ke duba mutum. Yanzu sai na'ura ta shaida ka.

A ofishin bayar da lasin, wata ma'aikaciya mai suna Halimat ta nuna masa ɗan gilashi.

"Baba, ɗora babban yatsa."

Ya ɗora. Fitila ta nuna ja. Ya goge a wando, ya hura masa iska, ya sake. Ja. Duk goman haka.

"Baba, da hannu kake tsame ƙosai daga mai?"

"Noma ne, 'yata."

Ta juya tafinsa ta duba. Ƙotar garma ta cinye zanen yatsun, sun yi sumul kamar bayan cokali. Ya tuna mata cewa shekara biyar da suka wuce na'urar ta karɓa. Ta ce wancan hannun daban, wannan daban. Shawararta ita ce ya ajiye garma mako uku, ya riƙa shafa man kaɗe safe da yamma.

A daren Larabar makon nan ruwan farko ya sauka. Duk manomin doya ya san kwanakin da ke biye: a cikinsu ake tara kunya, a binne iri. Godfrey ya zauna a ƙofar gida, hannuwa a buɗe bisa gwiwoyi suna ƙyalli, yana jin labarin 'yan'uwansa sun gama gefen rafi. Matarsa Magdalene takan wuce da bokiti ta ce, "Sannu amarya, lallen bai kama ba tukuna?" Ba ya ko murmushi.

Ranar Juma'a ta ƙarshen hutu muka koma. Yatsu biyu suka fito, ƙananan nan na hagu da ba sa riƙe komai. Halimat ta gwada sau bakwai, na ƙirga. Daga baya ta ce za ta tura maganar sama, za a kira shi.

"Yaushe, 'yata?"

"Wallahi Baba, ni ma turawa kawai nake yi."

Ranar Litinin wani direba, Badaru, ya zo ya karɓi makulli. Madam Kindness ta aiko cewa za ta riƙe masa gurbin zuwa ƙarshen zango, in takardar ta fito.

Jiya Godfrey ya shigo wurina da garma a kafaɗa. Irin doyar ya tsiro a rumbu, wani ya fara ruɓewa.

"Malam, kai ka yi karatu. In na yi noma, suka kira ni gobe, yatsun sun sake gogewa. In na zauna kuma ba su kira ba fa?"

Na cire tabarau na goge, na mayar. Ya ɗan jira a tsaye, sannan ya jingine garmar a bangona ya zauna.